Ruwan Sanyi a Kai, Ruwan Ɗumi a Fulas

Assalamu alaikum Malama, sannu da aiki. Sale ne daga Jikwoyi, ina tallar fiya wata mai sanyi a tashar Jabi. Zafin bana ya hana ni cin abinci, kullum cikina a kumbure. Wani ɗan Caina ya ce a maganin gargajiyarsu ƙanƙara tana kashe wutar ciki, in riƙa shan ruwan ɗumi, in rage yaji. Na bi, na kuwa samu sauƙi. Sai direbobi suka gan ni ina shan ruwan ɗumi daga fulas. Ɗayansu ya ce, "Malam, me ka zuba a ruwan da kai ba ka sha?" Tun ranar suka daina saye. Wallahi na gaji. Ku ba ni shawara: cikina zan bi, ko kasuwata?