Tabon Hannuna Ba Dukan Miji Ba Ne

Mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Rahila daga Unguwar Boro, na kira shirinku na rediyo da damuwata.

Ina fama da cutar lupus, wadda garkuwar jiki ke kai wa jiki hari, kuma jinina yakan daskare a jijiya, shi ya sa likita ya ɗora ni a kan maganin tsinka jini. To, maganin nan, ko ƙofa na buge sai jini ya kwanta, wurin ya yi baƙi.

Ran Lahadi a coci mayafina ya zame, matan ƙungiyar zumunta suka ga tabon hannuna. Ba wadda ta tambaye ni. Sai ga su a gidana da dattijon coci, wai sun zo yi wa maigidana Iliya faɗa ya daina dukana. Mutumin da yake goya ni zuwa banɗaki in ciwon ya tashi! Na nuna musu maganin, shugabarsu ta ce, "'Yata, daina rufa masa asiri."

Yanzu an cire shi daga mawaƙan coci. Alhali lokacin da nake kwance a asibiti, ko ɗayarsu ba ta leƙo ni ba.

Masu sauraro, ku gaya mini: sai na bar maganin na mutu sannan za su yarda mijina ba mugu ba ne?