Alhaji Mudi da Lambun 'Yan Aji Bakwai

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ranka ya daɗe wakilin Hakimin Bebeji, Allah ya ja zamanin Dagaci, Allah ya gafarta Malam Liman, masu unguwanni, Hedimasta da malamai 'yan'uwana. Hajiya Larai maiɗakin marigayi, Malam Audu ƙaninsa, 'ya'ya da jikoki, da dukan jama'a: assalamu alaikum.

Ni ne Jibrin, malamin aji bakwai. Makarantarmu ce ta wakilta ni in yi magana a wannan addu'ar arba'in ta Alhaji Mudi mai kayan gwari.

Ya kasance ɗan kasuwa, mun san shi da lodin tumatir da albasa zuwa Kano. Ya kasance mai sauraro, ba ya katse babba, ba ya katse yaro.

Kun san yawancin yarana 'ya'yan mutanen da ruwan Tiga ya tasa ne. Iyayensu manoman dawa da gero ne. Ga ruwa a kusa, amma ba su taɓa noman rani ba, da kaka ta wuce sai maza su tafi cin rani, gidaje su zauna babu kowa sai mata. Bara waccan na je rumfarsa na ce, "Alhaji, so nake yara su reni tumatir su raba wa iyayensu dashe. Kai ka ba mu iri da fili, in an noma ka saya."

Ya ce, "Malam, wa zai yi ban ruwan, kai ko su?"

Na ce su.

Ya ce, "To su za su zo mu tsara."

Haka aka yi. Yara suka cika rumfar, ya zauna tare da su a tabarma. Su suka raba kansu, masu shinge, masu yafa iri, masu ban ruwa. Ya yi musu tayin filinsa na bakin rafi, sai wata ɗaliba, Kulsumu, ta ce, "Baba, wurin ya yi nisa. Iyayenmu ba za su bar mu mata mu je ba." Ya ce gaskiyarta. Ya ba su na bayan makaranta, wanda ya tanada don albasarsa.

Ya kasance mai haƙuri da zargi. Wasu iyaye sun ce ɗan kasuwa ya samu leburori a banza. Bai ji haushi ba. Gida-gida ya bi su, ya ce, "Dashen naku ne. In kun noma, ku sayar wa wanda kuka ga dama." Yafin farko rana ta ƙone shi ƙurmus. Bai yi faɗa ba, sai ya tambayi yaran me za su sauya. Suka yi inuwa da kara, suka sake yafawa. A wannan ranin magidanta da dama ba su bar gida ba.

Bana ciwo ya kwantar da shi kafin mu gama shiri. Ya aika aka kira sababbin 'yan ajin har ɗakinsa. Ya saurari tsarinsu duka, sannan ya ce, "Shirinku ya yi. Gyara ɗaya ne: duk inda kuka sa Mudi, ku sa Audu." Yaran ba su gane ba. Ni na gane, na sunkuyar da kai.

Hajiya, mun san naki rashin ya fi na kowa, Allah ya ba ki dangana. Ku 'ya'yansa, ku riƙe mahaifiyarku da kyau. Malam Audu, ranar Asabar yara za su yafa iri, suna jiran ka.

Muna godiya ga duk wanda ya taka ƙafa ya zo, daga Kiru, Tudun Wada, har Riruwai. Allah ya mayar da kowa gida lafiya. Ya Allah ka jiƙan Alhaji Mudi, ka yafe kurakuransa, ka sa abin da ya koya wa yaranmu ya riƙa isa gare shi a kabari. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.