Kan Harsashi a Sikelin Cincin

A ɗakin jira na wani gareji a Germantown, Maitama ya zura wa wata takarda mai huji biyar ido yana ta salati. Dattijon da ke gefensa, Longji, ya ji Hausa, sai ya leƙo.

"Ɗan'uwa, harbinka ne wannan?"

"Nawa ne, Baba, daga yadi ɗari. Dubi yadda kowanne ya kama gabansa. Ga shi ranar Asabar za a buɗe farautar barewa."

"Kai kake ɗura harsashinka?"

"Ni ne. Kan harsashin na sayo guda ɗari biyar a jaka ɗaya, da araha."

"Ka auna su ɗaya-ɗaya?"

"Na auna, duk nauyinsu ɗaya."

"Da wane sikeli?"

Maitama ya sosa ƙeya. "Wanda maiɗakina take auna fulawar cincin."

"Sikelin cincin! Ai ko ƙuda ya sauka a kai ba zai motsa ba. Albarushin fa?"

"A'a, shi yana da nasa."

"To ka tsira da yatsunka. Ni masu arahar nan takarda kawai nake harbi da su. Amma wani yakan dace."

"Ni ban dace ba." Muryar Maitama ta yi ƙasa. "Bara kafaɗar wata barewa na saita, harsashin ya same ta a ciki. Har magariba ina bin jini, ban gan ta ba. Na ce wa yara ban ga komai a dajin ba."

"Da waɗannan ɗin?"

"Da su."

Longji ya ce, "To me kake tambaya kuma, ɗana? Tun bara ka san amsar."

Sai da makanike ya kira Maitama sau biyu kafin ya ji.