Wasan da Aka Cire wa Kibiya

A bencin jiran aski, direban bas yana buga wasa a wayarsa, sai wani mai riƙe da ambulan ya leƙo.

"Sabon fitowar ne? Wallahi sun lalata shi! A tsohon, kibiya ce ke nuna maka hanya, gari bayan gari. Yanzu sun sake ka a daji, ka je inda ka ga dama."

"Ai daɗinsa ke nan, malam. Wata uku ina kamun kifi a bakin kogin nan."

"Wata uku? Innalillahi! Dodon da ke ƙona garin fa?"

"Yana nan yana jirana."

Mutumin ya riƙe baki. "Ko leƙa shi ba ka yi ba?"

Direba ya yi dariya. "Shekara goma sha biyu ina bin titi ɗaya, safe da yamma. Nan kaɗai nake juyawa inda raina ya so."

Mutumin ya shiga murza bakin ambulan. Sai lokacin direba ya hango takardun neman aiki a ciki.

"Ni kuwa tun da aka sallame mu, kullum gari a buɗe yake min," in ji mutumin. "Kibiyar ce na rasa."