Rantsuwa Bayan Watan Fatalwa

A layin jiran mota a Manila, Aling Pacing ta ji wani dattijo ɗan asalin Sin yana faɗa a waya cewa ya zama ɗan ƙasa.

"Barka, baba. Yaranka ma sun samu ke nan."

"Ƙananan dai. Babbar ta cika sha takwas kafin in yi rantsuwa."

"Kotu ce ta yi ta jan ka?"

"Ni na roƙa a ɗaga. Ranar ta faɗo a watan fatalwa, lokacin da ruhohin matattu ke yawo, mu kuwa ba ma sa hannu a komai sai ya wuce. A cikinsa ta cika sha takwas ɗin."

"To, fatalwar sun ƙyale ka?"

"Sun ƙyale ni."

"Yarinyar fa?"

"Ita ce ma ta goge min rigar rantsuwar."