Rumfar Likitan Inji Ba Ta Rufuwa

Assalamu alaikum. Ina gaida malam liman, da shugaban ƙungiyarmu ta masu jirgi, da dattawan masunta. Ina gaida wan marigayi, wanda duk muke ce wa Yaya, da Hajiya maiɗakin marigayi, da 'ya'yansa, sannan sauran jama'a, manya da ƙanana.

An zaɓe ni in yi magana ba don karatuna ya yi nisa ba. Daga aji uku na sakandare na sauko bakin ruwa ina dakon kifi a ka. Yau jirage goma sha ɗaya gare ni, kuma ba gado na ci ba. Amma akwai hannun mutum ɗaya a ciki, shi ne wanda muka taru dominsa, Likitan Inji. Zan kuma yi magana a kan rumfarsa, tunda Yaya ya riga ya samu mai sayenta, kuma kowa a nan ya ji labari.

Ya kasance mutum ne da ba ya kwance inji sai ya saurare shi. Zai rataya shi a bakin duro mai ruwa, ya ja igiya, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma. Ya kasance yana fara bincike daga tanki, ya bi tiyo, ya duba fulogi, kabireta ce ta ƙarshe. Ya kasance in ka zo da gaggawa, sai ya miƙa maka benci.

Lokacin da na sayi jirgina na farko, da wani tsohon ƙaramin inji ya zo. Zai tashi lafiya lau, mu yi minti goma, sai ya fara tari, ya shaƙe, ya mutu a tsakiyar ruwa, fasinja suna kallona. Ni kuwa kun san ni, ba na son tambaya. Na canja fulogi sau uku. Na wanke kabireta har ta fi kwanon gidana tsabta. Ranar da na ɗauko shi a kafaɗa zan kai wa masu sayen tsohon ƙarfe, na riga na haƙura zan koma dako, sai Likita ya kira ni daga rumfa.

Ya ce, "Mai Jirgi Ɗaya, ina za ka da mara lafiya?"

Na ce, "Gawa ce, Likita."

Ya ce, "Kai ka yi mata wanka? Je ka ɗauko min tankinka."

Na kawo. Bai ko taɓa injin ba. Ya dubi yadda gefen tankin ya lotsa, ya murɗa ɗan ƙaramin murfin iskar nan da ke saman marfi, muka ji tankin ya ja numfashi. Ya ce, "Wa ya ɗaure wannan haka?" Na ce ni ne, da filaya ma, don kada fetur ɗina ya bi iska. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Ka toshe masa hanci saboda rowa, kuma kana so ya yi gudu." Injin nan ya yi min shekara tara. Sunan kuma bai sake ni ba: ina da jirgi goma yana ce min Mai Jirgi Ɗaya a gaban yarana.

Ba ni kaɗai ba. Wane ne a cikinmu bai koya masa auna baƙin mai a fetur da gwangwani ba? Sau nawa ya bar aikinsa ya je ya jawo waninmu da ya maƙale? Mun daina kwana a ruwa saboda shi.

Yanzu zan faɗi laifina. Da ya rasu, mun guje wa rumfar. Babbar 'yarsa, wadda yake ce wa Uwata, shekara goma sha huɗu tana riƙe sifana a gefensa, amma muka ce mace ce. Ni da kaina na loda injina uku na kai garejin cikin gari. Suka canja duk abin da ke canjuwa, ɗaya ya dawo yana tari kamar yadda ya tafi. Na kai mata ina sunkuyar da kai. Ta saurara, ta ce, "Kawu, a ina kake ajiye jarkokin fetur ɗinka?" Na ce a ƙuryar shagona. Ta tsiyaya fetur ɗin a kwalba, ta ɗaga ta a rana, sai ga ruwa ya kwanta a ƙasa yatsa biyu. Ta ce, "Injinka lafiyarsa ƙalau, rufin shagonka ne ke yoyo." Ba ta yi dariya ba, a nan ta fi ubanta tausayi.

Yaya, na san ba mugunta ta sa ka nemi mai saye ba. Ka ga rumfa babu kowa, ga iyali. Jiya ka ce min in masu jirgi goma suka tashi a gaban jama'a suka ce nan za su riƙa kai injinsu, ka fasa. To, ni a tsaye nake tun ɗazu. Sauran fa?

Ga huɗu. Ga bakwai. Shugaba, gwiwar ce, ko shawara kake? Yauwa. Malam liman, a ƙirga mana, kada a ce na ƙara. Goma sha shida.

Yaya, ka gani da idonka. Hajiya, ki share hawayenki, gobe da safe 'yarki za ta buɗe rumfa. Ke kuma 'yata, ki zo da wuri, akwai injina biyu a layi.

Na gode wa kowa da ya bar aikinsa ya zo. Allah ya jiƙan Likita, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya sa albarka a hannun da ya bari. Mu kuma da muke kan ruwa kullum, Allah ya riƙa dawo da mu gida lafiya. Amin.