Gaurakin da Na Tona wa Asiri

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni manomin shinkafa ne daga Lafagu, ƙasar Bagudo.

Bana da ruwa ya janye, na iske gauraki biyu, miji da mata, suna kiwo a fadamata, kowanne da tukku kamar zinariya. Rabona da ganin gauraka tun ina ƙarami. Don murna na ɗauke su a waya na tura wa abokai, har da kwatancen wurin.

Mahaifina ya ce, "Da ka kama bakinka. Mu da muke ganinsu ba mu yin shela."

Kwana uku tsakani, masu fataucin tsuntsaye suka zo bisa babur, suka ɗana tarko, suka kama macen, suka ƙetare iyakar Benin da ita.

Yanzu kowace safiya namijin yana kewaya gonata yana kuka. In Baba ya ji sai ya ce, "Tashi, kai yake tambaya."

Masu sauraro, ku ba ni shawara, mi zan yi wa tsuntsun nan? Wanda kuma Allah ya nuna wa irinsu, ya kalla ya yi shiru. Ni na kasa, kuma ba ni na ɗanɗana kuɗar ba.